DARASI: GYARAN ƊAKIN KAJI DA KWAMIN KIFI DA HANNUNKA KAFIN BAZARAR SAKKWATO TA KAMA



Yau za mu ɗan ajiye maganar abinci da allurar rigakafi, mu ɗauki guduma da cokalin gini. Dalili kuwa, a Sakkwato akwai asarar da take zuwa duk shekara a kan lokacinta, daga Maris zuwa Mayu, kuma yawancinta daga ginin take fitowa: kwanon rufi, bango, bututun ruwa, da tsagar kwami. Mutum ya sayi 'yan tsaki masu kyau, ya ba su abinci mai tsada sati biyar, rana ɗaya tsakanin azahar da la'asar ya kwashe gawa talatin. A 'yan shekarun nan ma Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah duk suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, wato lokacin da kasuwar kaji ta fi kyau shi ne lokacin da suka fi mutuwa.

Gyare-gyaren da za mu kawo, kai da yaron gida ko ke da 'ya'yanki za ku iya yin mafi yawansu cikin kwana biyu zuwa uku. Lokacin yin su shi ne Janairu da Fabrairu, tun hunturu bai ɗaga ba.

ME YA SA ZAFI YAKE KASHE KAZA?

Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, kuma ba ta yin gumi kamar mutum. Ta fi jin daɗi idan ɗaki yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da ya haura 30 za ka ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. To a Sakkwato, a watan Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin kwano tsirara kuwa abin ya fi haka, domin kwanon yana ɗaukar zafi ya sauke shi a bayan kajin kamar murhu. A Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma mu da su duk yankin Sahel muke. Shi ya sa idan hukumar NiMet ta fitar da gargaɗin zafi, mai kiwo ya fi kowa buƙatar ya saurara.

Buloila manya, 'yan sati biyar zuwa sama, su suke fara faɗuwa, kuma mafi ƙiba a cikinsu ita ce ta farko. Masu ƙwai kuwa sukan rage ƙwai, ɓawon ya yi laushi yana fashewa a hannu.

Abu ɗaya da yake taimakonmu: zafin Maris da Afrilu busasshe ne, iska ba ta da laima. A irin wannan yanayi duk abin da ka jiƙa yana sanyaya wuri yayin da yake bushewa, yadda randa take sanyaya ruwa. Ku riƙe wannan, za mu yi amfani da shi.

KAYAN AIKI

Tsani, guduma, ƙusoshin kwano, zarto, filaya, wayar ɗauri, burushi mai tauri, tef na awo, cokalin gini, kurfi, farar ƙasa, zana ko karan dawa, buhunan algarara, siminti da yashi mai laushi, gam ɗin bututun roba. Duk ana samun su a shagunan kayan gini na cikin gari da Babbar Kasuwa. Abin da ba ka da shi, ara wurin maƙwabci.

Ka yi babban aiki lokacin da ɗakin ba kaji, bayan ka sayar da zubin da ya gabata. Ƙarar guduma a kan kwano tana firgita su su taru a lungu su danne juna.

GYARA NA 1: RUFI

Nan ne mafi yawan zafin yake shigowa, don haka nan za a fara.

Ka hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi. Ka taka kan layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa, kar ka taka tsakiya. Ka duba wayar lantarki da ta bi ta saman ginin kafin ka ɗaga tsani.

Da farko ka toshe ɓuloli. Ka shiga ɗakin da rana ka ɗaga kai, duk inda ka ga haske yana ɗigowa ka sa alama. Ƙananan ramuka ana liƙe su da mannen kwalta da ake sayarwa a naɗe. Ƙusar da ta yi lako-lako ka cire ta ka sa sabuwa, kuma a kan tudun kwanon ake bugawa, domin kwarin hanyar ruwa ce.

Sai kare kwanon daga rana. Hanya biyu ce.

Ta farko, farar ƙasa. Ka dama ta da ruwa ta yi kaurin kunu, ka zuba ɗan siminti kaɗan don ta kama, ka share ƙurar kwanon, ka shafa sau biyu. Farin abu yana mayar da hasken rana, kwano mai tsatsa kuwa shanye shi yake. Damina za ta wanke wani sashi, saboda haka aikin duk shekara ne. Ka kiyaye idonka da hannunka, farar ƙasa tana ci.

Ta biyu, shimfiɗa zana, karan dawa ko kaba a saman kwanon. Sirrin aikin shi ne kar ka kwantar da ita kai tsaye. Ka jera sanduna ko gora tukuna, zanar ta hau kansu, a sami tazarar kamar tafin hannu da iska za ta riƙa bi. Ka ɗaure da waya sosai. Idan akwai madafa ko murhun gawayi kusa, ka haƙura da zana ka tsaya ga farar ƙasa, saboda gobara. Kuma ka sauke ta kafin damina, in ba haka ba ta riƙe ruwa kwano ya ruɓe, ɓeraye su yi gida.

Idan za ka iya, ka buɗe wa zafi ƙofar fita. Iska mai zafi sama take tashi, in ba ta sami hanya ba sai ta dawo kan kaji. A ƙololuwar rufi mai gefe biyu ana barin tazarar santimita 15 zuwa 20, a sa raga, a ɗora wani ɗan kwano a sama kamar hula don ruwa. Rufi mai gangare ɗaya kuwa, sai a cire layin bulo na ƙarshe a ɓangaren da ya fi tsawo a sa raga. Wanda zai yi sabon gini, kar rufinsa ya gaza mita 2.5 zuwa 3 daga ƙasa, kuma bakin kwanon ya fito waje kamar mita 1.

GYARA NA 2: BANGO DA RAGA

Da yawa daga masu farawa a Mabera, Arkilla, Gidan Igwai ko Runjin Sambo, tsohon shago ko ɗakin ajiya suke mayarwa ɗakin kaji: bulo har sama, taga ɗaya. Wannan ɗaki zai yi rainon 'yan tsaki a Disamba, amma a Afrilu tanda ne.

Ɗakin kaji na ƙasar zafi, bulo biyu zuwa uku kawai yake buƙata a dogayen ɓangarorinsa, wato santimita 45 zuwa 70, sauran duk raga har rufi. Dogayen ɓangarorin su kalli kudu da arewa. Gajerun, na gabas da yamma, su ne ake rufewa, domin ta nan rana take shigowa safe da yamma, kuma hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa.

In ɗakinka rufaffe ne, ka buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ƙasa-ƙasa daidai inda iska za ta taɓa kajin. Taga a can sama kai kaɗai take yi wa amfani. Amma kafin ka fasa bangon da yake ɗauke da rufi, ka kira magini ya duba. In gidan haya ne, ka nemi izinin mai gida.

Wanda yake da raga tuni, ga aikin da ba ya cin ko sisi: ka goge ta. Ƙurar hunturu da gashin kaji da yanar gizo suna toshe idon raga har iska ta kasa wucewa. Burushi da ruwa, rabin awa, za ka ji bambanci a fuskarka. Ledoji da buhunan da aka rufe ɗaki da su saboda sanyi, a naɗe su sama da zarar dare ya daina sanyi.

Ka bi ƙasan bango da lungu-lungu ka nemi ramin ɓera. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka cusa tsakuwa ko fasassun kwalabe, ka rufe da siminti. Ragar kaji ta yau da kullum ɓera yana iya yaga ta, don haka layin ƙasa ka sa mai kauri mai ƙananan ido. Katakon da gara ta ci ka canza shi, ka shafa wa gindin sabon baƙin mai kafin ka binne, a inda kaji ba za su tsattsaga ba.

Yanzu labulen sanyi. Ka rataya buhunan algarara a ɓangaren da iska take shigowa, ɗan nesa da raga kamar taku ɗaya, ka riƙa jiƙa su daga ƙarfe 11 na safe zuwa la'asar. Kar ka rufe ɓangaren gaba ɗaya, ka bar tazara tsakanin buhu da buhu. Kar ruwan ya ɗiga cikin shimfiɗar kaji. Da hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu iska ta yi nauyi, wannan dabara ta daina aiki, sai a cire buhunan a bar iska ta wuce.

GYARA NA 3: RUWAN SHA

A lokacin zafi kaza tana shan ninki biyu na ruwan da ta saba, ko fiye. Amma in ruwan ya yi ɗumi sai ta ƙi sha, daga nan kuma mutuwa ta kusa. Baƙin tankin roba da aka ɗora a rana, da bututun da ya bi ta kan katanga, kafin azahar ruwansu ya isa wanka.

Ka yi wa tankin rumfa ta zana, ko ka naɗe shi da algarara kana jiƙawa. Bututun da yake fili ka binne shi ƙasa kamar santimita 30, inda ba ya binnuwa ka naɗe shi da buhu. Da rana, ka zubar da ruwan farko da ya kwanta a bututu kafin ka cika mazubai. Mai kaji hamsin zuwa ɗari, manyan randuna biyu a inuwa sun ishe shi. Ka ƙara yawan mazuban ruwa yadda kaza ba za ta yi doguwar tafiya ba.

Mazubin da yake yoyo a gyara shi yau. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana tayar da wari mai yaji da yake lalata numfashin kaji. Kuma a bazara a rage kaurin shimfiɗar, ko buntun shinkafa ce ko dusar katako, ta tsaya kamar santimita 5.

LISSAFIN ƊAKI

Ka auna tsawo da faɗi ka ninka. Ɗaki mai mita 3 da mita 4 ya zama murabba'in mita 12. Lokacin sanyi za ka iya sa buloila 10 a kowane murabba'i, wato 120. A bazara ka sauko zuwa 6 ko 7, wato 72 zuwa 84. Kowace kaza tana fitar da nata zafin, cunkoso wuta ce a kan wuta. Gara ka kai 80 kasuwa da ransu da ka zuba 120 ka binne 50.

GYARA NA 4: KWAMIN SIMINTI MAI YOYO

Mu koma wajen masu tarwaɗa. Kwami mai mita 2 da mita 3, zurfin ruwa mita 1, yana ɗauke da lita 6,000, nauyin tan 6 ke nan. Wannan nauyi, ga rana tana gasa bango da yini dare ya huce, shi yake kawo tsaga. Kwamin da aka bari ba ruwa a rana ya fi saurin tsagewa, don haka ko ba kifi ka bar ɗan ruwa a ciki.

Kafin ka fasa komai, ka tabbatar yoyo ne. A bazarar Sakkwato rana da iska kaɗai suna iya shanye kusan santimita 1 a yini. Ka cika bokiti ka ajiye a gefen kwamin, ka sa alama a bakin ruwan bokitin da na kwamin. Gobe war haka ka duba. In sun sauka daidai, rana ce. In na kwamin ya fi sauka, akwai yoyo.

Don gano wurin, ka kwashe kifin, ka bar ruwan ya yi ta sauka har ya tsaya da kansa. Inda ya tsaya, a wannan layin tsagar take. In ya ƙare ƙaf, matsalar tana daɓen ƙasa ko bakin bututun fitar da ruwa. Wuraren da aka fi samu su ne kusurwoyi, mahaɗar bango da daɓe, da kewayen bututu.

Yadda ake gyarawa:

1. Ka buɗe tsagar da kurfi ta yi faɗi da zurfin kamar santimita 2. Shafa siminti a saman siririyar tsaga ɓata kuɗi ne, zai ɓamɓare.
2. Ka goge gansakuka da ƙura, ka wanke, ka jiƙa wurin sosai. Busasshen bango yana tsotse ruwan sabon kwaɓi ya hana shi kamawa.
3. Ka dama siminti zalla da ruwa ka shafa a cikin tsagar.
4. Ka kwaɓa awo 1 na siminti da awo 2 na tankaɗaɗɗen yashi, ka sa garin hana yoyo yadda aka rubuta a jikin ledarsa. Ka cusa da ƙarfi ka lailaye.
5. Kusurwoyi ka cike su su yi lanƙwasa kamar cikin ƙwarya. Sun fi ƙarfi, sun fi sauƙin wanki.
6. Ka yi aikin da yamma, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Siminti dai a ƙofar gida muke da shi, ga masana'antar BUA a Kalambaina. Abin dubawa shi ne kar a ba ka buhun da ya sha laima ya yi gudaji.

Gargaɗi babba: sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na toka da yake ƙona fatar kifi da matsatsinsa. Bayan gyara ka cika kwamin, ka bar ruwan kwana 3 zuwa 4, ka zubar, ka maimaita har sati biyu. In kana da takardar gwajin ruwa, awon pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. In babu, ka saka kifi biyar su kwana biyu. Sun ci abinci suna yawo lafiya, sai ka zuba sauran.

In tsagar ta taso daga sama har ƙasa ta ratsa bulo, ko bangon ya turo ciki waje, wannan ya wuce faci. A kira magini.

GYARA NA 5: KWAMIN TAMFOL DA INUWA

Tamfol rana ce take cinye shi, sai ƙusa, tsakuwa da ɓera. Don faci, ka rage ruwa ya sauka ƙasa da ramin, ka wanke wurin ya bushe sarai. Ka yanko ƙyallen tamfol iri ɗaya wanda ya fi ramin da santimita 5 ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kar su ɗago. Ka shafa gam a duka biyun, ka manna ciki da waje, ka danne da abu mai nauyi, ka ba shi yini guda kafin ruwa. Ka bi katakon da yake riƙe da shi ka lanƙwashe duk ƙusar da ta leƙo. In za ka sake shimfiɗa shi, ka zuba yashi mai laushi a ƙasa.

Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. In ruwa ya yi zafi iskar da yake riƙewa tana raguwa, dattin kifin kuma ya ƙara guba. Gaskiya ne tarwaɗa tana hawowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take jurewa, amma kifin da yake fama da numfashi ba ya ƙiba. Ka kafa rumfar zana ta rufe rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kwamin, da tsawon da za ka shiga ka yi aiki. A bazara kar zurfin ruwa ya gaza mita 1, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi.

RUWAN KWAMI YA TAFI LAMBU

Ruwan da kake canzawa taki ne. Sakinsa a lungu yana jawo wari da sauro da rigima da maƙwabta. Ka haɗa bututu ko ka haƙa 'yar lambatu zuwa bayan gida, ka yi kwamin alayyafo, yakuwa, latas ko tattasai. Ka dasa zogale a yammacin ɗakin kaji, nesa da bango kamar mita 2, kana sare rassan ƙasa don kar su tare iska. Dogon yaro yana da inuwa, amma ka nisanta shi da kwamin kifi: saiwarsa tana fasa gini, ganyensa yana zuba cikin ruwa. Kashin kaji kuma a tara shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa yana ƙona shuka.

IN KUƊIN BA YAWA, DA ME ZA A FARA?

Na farko, goge raga, naɗe ledoji, rage yawan kaji. Kyauta ne.
Na biyu, inuwar tanki da randa.
Na uku, farar ƙasa ko zana a rufi.
Na huɗu, facin kwami da rumfarsa.
Buɗe bango da ɗaga rufi su zo in an sayar da zubi na gaba.

A farkon Mayu ka sake hawa ka duba ƙusoshi da ɗaurin rufi, domin iskar farkon damina ba ta wasa da kwanon da ya yi sako-sako.

Abu na ƙarshe: ba kowace mutuwar bazara ce ta zafi ba. Ta zafi da rana take zuwa, ta ɗauki manya. In kaji suna mutuwa da dare ko da asuba, ko kana ganin koren zawo, murɗewar wuya ko kumburin fuska, guduma ba ta da maganin wannan. Ka ware marasa lafiya, ka nemi likitan dabbobi da gaggawa. A cikin gari akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Aikin gida na wannan satin: ka ɗauki tef ka auna ɗakinka ka fitar da adadin kajin da zai ɗauka a Afrilu, sannan ka shiga ciki da ƙarfe 2 na rana ka tsuguna daidai tsawon kaza na minti biyar. Abin da ka ji a wurin shi zai gaya maka gyaran da za ka fara da shi.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a darasi na gaba.